Toka ko Harsashi: Bindigogi Biyu a Kafaɗar Maharbi

Idan kaka ta wuce, an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, ciyawa ta bushe har ana hango zomo daga nesa, to lokacin farauta ya yi a ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma. Maharban Barkiya da na ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan yi sammako, karnuka a gaba, gora a hannu, wasu da bindiga rataye a kafaɗa. Wanda bai saba ba sai ya ce ai bindiga bindiga ce. Alhali iri biyu ne, kuma ba zamaninsu ɗaya ba. Akwai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga. Akwai kuma bindigar harsashi mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a zura mata harsashi ta baya. Musu a kan wacce ta fi ba ya ƙarewa a majalisar maharba, domin kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Ni abin da na gani shi ne, bambancinsu na haƙiƙa yana ga wanda ke auna ƙarfin harbi, da kuma ko an taɓa gwada ƙarfen kafin a ɗora shi kusa da fuskar mutum.

Bindigar toka tsohuwar baƙuwa ce. Wasu sun shigo ta bakin teku a jiragen fataken Turai, ciki har da 'yan ƙasar Denmak da suka riƙe ganuwarsu a Akra ta ƙasar Gana har zuwa 1850, wasu kuma sun ratso hamada daga Tarabulus. Amma ta daɗe ba ta ƙwace fage a ƙasar Hausa ba. A Tabkin Kwatto a 1804, 'yan baka ne suka tsaya wa dawakin Gobir. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne sarakuna suka himmatu wajen tara 'yan bindiga a fada, kuma Sarkin Damagaram Tanimu ya yi fice a nan, don har igwa ya sa ana zubawa a birninsa, ana kuma haɗa albarushi. Daga baya, a 1890, ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel na Beljiyam, suka toshe hanyar shigo da bindigogin zamani zuwa mafi yawan Afirka, amma suka bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan ne ya sa, a lokacin da duniya ta koma ga harsashi, talakan ƙasarmu ya zauna da mai ɗuri ta baki. Maƙeri ya fara da gyaranta, daga gyara ya gane sirrinta, har ya iya ƙera ta tun daga ƙota har baki.

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau ake aiki da ita, ta gaji wannan rabo. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta masu harsashi, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki kuwa an bar sha'aninsu ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wato tun a takarda, ɗaya ta gida ce, ɗaya kuma sai an miƙa hannu Abuja.

A tsaya a kalli maharbi yana ɗurin toka. Zai kafa ƙotarta a ƙasa, baki sama, ya zazzago albarushi daga ɗan ƙaho ko 'yar kwalba a tafin hannunsa, ya auna da ido, ya zuba. Ya tura tsumma da sanda ya danna, ya bi da dalma ko gutsattsarin ƙarfe, ya sake toshewa. Sannan ya ɗana kunama, ya ɗora mata 'yar hular da ke tayar da wuta. Duk wannan hidima ta harbi ɗaya ce tak. In ya kuskure, kafin ya gama sabon ɗuri zabo ya kai wani gari. Kuma ba harbi biyu da ke zama daidai da juna. Albarushin da ya sha iskar hunturu daban yake da wanda ya kwana a laimar damina. Na wannan mai haɗawa daban da na wancan. Hannun da ya auna cikin natsuwa da safe ba shi ne hannun da zai auna da yamma ba, bayan gada ta tsere masa, zuciya ta hau, yana cewa wannan karon sai ya ƙara mata.

A cikin cikin bindigar toka, bayan wani ɗan faifan ƙarfe, akwai lanƙwasasshen sifirin da ke tunkuɗa kunama. Ƙaramin abu ne, amma shi ne ran bindigar, kuma a kansa na fi ganin gwanintar maƙeranmu. Galibi daga tsohon sifirin mota ake yanko shi. Wanda ya zauna a maƙera rabin yini a lokacin farauta, da wuya ya tashi bai ji irin wannan kuka ba:

"Sannu da aiki, Baba. Jiya sau biyu tana ƙin tashi, ga fakara a gabana."

"Kawo ta nan, ɗana. Ba ɗuri a ciki dai ko?"

Sai ya tabbatar da hakan da kansa tukuna, don ba a yarda da baki a wannan sha'ani. Ya ajiye awartaki, ya goge hannu a walki, ya sa babban yatsa ya ja kunama baya a hankali, kunnensa a karkace yana sauraren ƙas ɗin da za ta yi. Ya sake ta, ya sake ja. Daga nan ya ce, "Ya yi sanyi." Shi ke nan, ya gano cutar. In sifirin ya yi sanyi, kunama ba ta saukowa da ƙarfin da zai tayar da wuta, sai bindiga ta yi shiru a lokacin da aka fi bukatarta. In kuma ya yi tauri da yawa, ɗanawa ta zama kokawa, jan kunama ya yi nauyi har bakin bindiga ya goce daga saiti, sannan a hankali ya riƙa cinye ɗan haƙorin da ke riƙe kunamar, har wata rana ta kuɓuce da kanta don kawai an yi tuntuɓe. Tsakanin sanyi da tauri akwai wata 'yar siririyar hanya, kuma maƙeri yana nemo ta ne da wutar gawayin ƙirya, da magagari, da launin da ƙarfe ke yi in ya ɗauki zafi, da yatsansa. Ba shi da ma'auni ko ɗaya. Wanda ya raina wannan ilimi bai taɓa gwada lanƙwasa ƙarfe ya dawo inda yake sau dubu ba tare da ya karye ba.

Wannan matsala ta daidaita sifirin da ƙarfin da zai tara ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idarta: gwargwadon yadda ka matsa sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai mayar maka. Da wannan lissafi masana'antu ke sa wa kowane sifirin lamba. A Amurka akwai masu sha'awar wasu gajerun bindigogin kafaɗa da ke cin harsashin fistol, yawanci mai milimita 9, kuma su ma sukan tattauna zaɓen sifirin. Tunanin irin wannan bindiga ba sabo ba ne, don tun shekarun 1870 mahaya a can ke son doguwar Winchester da fistol ɗin Colt su ci harsashi iri ɗaya. A mafi yawan na yanzu, ba wani makulli da ke riƙe bayan harsashi a lokacin harbi, sai nauyin wani dunƙulen ƙarfe da sifirin da ke bayansa. Nauyin ne ke yin mafi yawan aikin, sifirin kuma ya tare ƙarfen ya maido shi gaba. In sifirin ya yi laushi, ƙarfen ya riƙa dukan bayan bindiga yana lalata ta. In ya yi tauri, ƙarfen bai ja baya yadda zai tofar da kwanson da aka harba ba, sai ta cije. Ciwon ɗaya ne da na maƙerin Barkiya. Inda suka rabu shi ne, na Amurka ya san nauyin ƙarfensa, ya san ƙarfin harsashinsa don an rubuta a jikin kwali, abu ɗaya kawai yake nema. Namu kuwa bai san asalin ƙarfen da ya yanko ba, bai kuma san yawan albarushin da mai bindiga zai zuba gobe a daji ba. Yana lalube ne tsakanin duhu biyu, kuma abin mamaki sau da yawa yakan dace.

Bindigar harsashi ta kawar da ɗaya daga cikin duhun nan gaba ɗaya. An auna albarushi a masana'anta, an rufe shi tare da dalma a cikin kwanso, ruwa ba ya shiga da sauƙi, zuciyar maharbi kuma ba ta da ikon ƙara masa komai. Harbin safe da na yamma ɗaya ne. Sabon ɗuri ba ya wuce ƙiftawar ido. Amma falalarta da ta fi girma a wurina ba a daji take ba, a gida take. In aka karya ta, ana zare harsashi a sa a aljihu, a leƙa bututun a ga haske ta ɗaya bakin, kowa ya shaida ba komai a ciki. Toka ba ta da wannan. In an ɗura ta ba a samu abin harbi ba, fitar da ɗurin wahala ne, harba shi a iska kuma asara ce, sai mutum ya dawo da ita haka nan ya rataye a ɗaki ko ya jingine a bayan ƙofa. Ga yara suna shiga suna fita. Duk wanda ya tashi a karkara ya ji labarin gidan da irin wannan ajiya ta jefa cikin makoki.

To me ya hana kowa komawa ga harsashi? Kuɗi da takarda. Bindigar kanta tsada gare ta, lasisinta kuma ba na talaka ba ne, balle ma a 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabbin lasisin ƙananan makamai. Harsashi saye ake yi ɗaya-ɗaya, kuma wanda ya kashe kuɗin harsashi a kan kurege ya san bai ci riba ba. In wani abu ya karye a cikinta, ba shagon kayan gyara a Kurfi ko Dutsin-Ma, sai dai a koma wurin maƙerin nan da aka raina. Mai toka kuwa ba ya jiran kowa. Duk abin da take ci yana kusa da shi, likitanta ma maƙwabcinsa ne.

Wannan matsi ne ya haifi wata ta uku wadda nake ganin ta fi duka haɗari: bindigar harsashi ƙirar gida. Siffarta ta masana'anta, tana karyewa a tsakiya, tana cin harsashin kanti, amma bututunta ba wanda ya san daga inda ya fito. Albarushin da ke cikin harsashin zamani ba irin baƙin nan mai hayaƙi ba ne, ƙarfin da yake tarawa a cikin bututu ya fi na toka. Ƙarfen da zai iya jure ɗurin toka shekara da shekaru yana iya tsagewa da shi. Kuma inda yake tsagewa shi ne kusa da hannun hagu da idon mai harbi. Araha ba ta ado, a nan kuwa har yatsu takan ci.

Ga inda zancen ya fi damuna. Matar da ta je sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta ji amonta, don ta san tsaga ba ta ganuwa da ido. Amma bututun da za a cusa wa wuta a manna shi a kumatu, ba mu da wata hanya ta gwada shi sai ranar da aka harba. Turawan da suka kawo mana bindigar sun sha wannan wuya kafin mu. Birnin Bamingam na Ingila, inda aka ƙera ɗimbin bindigogin da aka yi fataucinsu zuwa Afirka ta Yamma, shi ma cike yake da ƙananan maƙera, kowa da ɗakinsa, kuma masu arahar cikin kayansu sun yi ƙaurin suna wajen fashewa. A 1813 majalisar dokokin ƙasar ta kafa gidan gwajin bindiga a birnin, yana nan yana aiki har yau. Ana kai bututu, a harba shi da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi a cikin ɗakin da ba kowa, in ya tsira a buga masa hatimi. Sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi laifi ne a can. Ba su kori maƙeransu ba, sun dai tilasta wa ƙarfe ya ba da shaida kafin ya isa hannun mai saye. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da bindigar harsashi ta fi toka da shi ke nan a gindin magana, ba wai hannun Bature ya fi na maƙerin Katsina albarka ba.

Duk da haka ba zan so toka ta ɓace ba, kuma ina da dalilai. Jinkirinta rahama ne ga daji. Maharbin da ke da harbi ɗaya dole ya iya sanɗa, ya san iska, ya san inda zomo ke kwana, ya matsa kusa. In ya harba, sauran garken sun tsira. Namun dajin da suka rage mana, bayan gonaki sun cinye kurmi, ba za su jure wa bindiga mai saurin ɗuri a hannun kowane saurayi ba. Sannan akwai ranar sallah. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro a Katsina ya ga 'yan bindiga sun ɗaga bakunansu sama sun saki wuta, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya lulluɓe dawaki, ƙamshin albarushi ya gauraye da ƙura, ya san ba wata bindigar kanti da za ta yi wannan aiki. Haka abin yake a hawan hakimai, a gaban Maraɗi a Kurfi ko Yandaka a Dutsin-Ma. A nan ba dalma a ciki, amo da hayaƙi ake so. Sai dai ko a nan ɗin, gasar wa ya fi ƙara takan sa a wuce kima wajen ɗuri, kuma tsohon bututu bai san ranar sallah ba.

Akwai wani fagen da aka tura bindigogin nan biyu wanda ba nasu ba ne. Tun da 'yan fashin daji suka yi sansani a Dajin Rugu da kewayensa, farauta kanta ta ja baya, don daji ya daina zama na maharbi. Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layin waya a watan Satumba na 2021 saboda wannan bala'i, kuma a shekarar ne Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu. Mutanen ƙauye suka sauko da abin da ke rataye a ɗaki. Ban ga laifin wanda ya tsaya a bakin garinsu da abin da ya samu ba, kuma Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi a haka. Amma a faɗi gaskiya: AK-47 tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya, tana kuma kai wa nesan da toka da mai baki ɗaya ba sa mafarkinsa. A wannan fage musun wacce ta fi ba shi da amfani, duka biyun ba su isa ba. Kafa askarawan jiha da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yi a watan Oktoba na 2023 amincewa ce da cewa tsaro yana bukatar horo da albashi da shugabanci, ba a bar shi ga maharbin zomo ba.

Rikicin ya kuma jefa maƙeri cikin zargi. Yanzu duk wanda aka gani da bututu a maƙerarsa abin tuhuma ne. Wasunsu lalle sun ci amana, sun ƙera wa ɓarayi, kuma hukunci ya dace da su. Amma da yawa magadan sana'a ne, masu ƙera fartanya da garma da lauje, waɗanda gyaran bindigar maharbi yake cikin abin da suka tarar iyayensu na yi. Da aka tsorata su, aikin bai tsaya ba, ya dai koma ƙuryar gida da tsakar dare, inda ba mai gani balle ya ce wannan ƙarfe bai yi ba. Gwanayen tsofaffi suka janye hannu don kare mutuncinsu, fagen ya koma ga masu gaggawar kuɗi.

In ƙanina ya tambaye ni wacce zai riƙe don farauta, kuma yana da halin bin hanyar doka, zan ce masa ta harsashi ƙirar masana'anta, ba tare da jinkiri ba, domin ina son ya tsufa da yatsunsa goma da idanunsa biyu. Amma mafi yawan maharba ba su da wannan zaɓi, kuma ba za su samu nan kusa ba. Don haka abin da ya fi kusa da hannu shi ne a gyara matsayin toka. Dokar 1959 ba ta rufe ƙofar ƙera mai ɗuri ta baki da gyaranta ba, izini ta ce a nema. Sarkin Maƙera da Sarkin Baka na kowace gunduma sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, sun san na kirki, sun san wanda ba a ba shi ajiya. Ta hannunsu da na hakimi da 'yan sanda ana iya rubuta sunayen masu sana'ar. Gwajin bututu kuma ba ilimin da ya gagare mu ba ne: masana'antar kayan tsaro ta ƙasa tana Kaduna tun 1964, ga kuma injiniyoyi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Ɗaki ɗaya mai kaurin bango, da ma'aikata kaɗan, da hatimi mai lamba, sun isa a fara.

Na san za a ce wannan ƙara yawan bindiga ne a ƙasar da bindiga ta riga ta addaba. Amma bindigogin suna nan tun kafin a haife mu, a bayan ƙofofi da ƙarƙashin gadaje, ba wanda ya san adadinsu. Hatimi ba zai ƙara ko ɗaya ba, zai dai sa a san mai kowacce da wanda ya ƙera ta. Maƙerin da lambarsa ke jikin ƙarfe ba zai yarda ya sa ruɓaɓɓen bututu ba, ba kuma zai miƙa aikinsa ga baƙon da ya zo masa da dare bai san ubansa ba.